Yadda ake koya wa menfirem gadin kanta, da inda ake taka mata birki

Menfirem ba ta da mantuwa. Duk mu'amalar da ta bi ta cikinta, ko cire kuɗi daga asusu ne, ko sayen tikitin jirgi, ko biyan kuɗin inshora, sai ta bar rubutu a baya: ƙarfe nawa ta shigo, tsawon lokacin da ta yi tana aiki, tsawon wanda ta yi tana jira, da abin da take jira. Wani sashe na z/OS, manhajar da ke tafiyar da menfirem ɗin kamfanin IBM, shi ke wannan aikin magatakarda, sunansa SMF. Kowane irin rubutu da lambarsa. Lamba 110 ta CICS ce, 100 da 101 na Db2 ne, daga 70 zuwa 79 kuma na lafiyar injin ne gaba ɗaya. A babban banki irin wannan rubutu yakan kai miliyoyi a yini guda. Bayani kam ya yi yawa har ya zama kaya. Abin da ake nema shi ne mai karanta shi, ya kuma gane abin da yake nufi kafin a ji labarin daga bakin kwastoma.

Ga wanda bai san gidan ba, bari in gabatar da mazaunansa a taƙaice. Ita menfirem babbar kwamfuta ce da manyan bankuna, kamfanonin inshora, na jiragen sama da wasu hukumomin gwamnati ke ɗora mata aikin da ba ya jure kuskure. Zuriyarta ta faro daga System/360 da IBM ya fitar a 1964, kuma har yanzu tana haihuwa, don z16 ta fito a 2022, z17 kuma a 2025. CICS manhaja ce da ta shiga kasuwa a 1969, ana kuma ci gaba da gina ta a Hursley da ke Ingila. Ita ce kamar ma'aikacin da ke karɓar kwastoma a banki: ta karɓi buƙata, ta tura ta inda ya dace, ta dawo da amsa. Db2, wanda aka sanar da shi a 1983, shi ne rumbun bayanai, mai riƙe da littafin da sunan kowa da kuɗinsa ke ciki. Akwai kuma dattijonsu IMS, wanda ya fara aiki a 1968 don lissafin kayayyakin shirin Apollo na zuwa duniyar wata, kuma yana haɗa aikin biyu. Mu'amala a bakin masu wannan sana'a tana da sharaɗi ɗaya: ko ta kammala duka, ko a mayar da komai kamar ba a taɓa ba. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a POS bai karɓi ko sisi ba, ya san amfanin wannan sharaɗi tun kafin a yi masa bayani.

A da, sa ido aikin ido ne na zahiri. Cikin dare a kwashe rubutun SMF, a niƙa shi da manhajoji irin su MXG ta Barry Merrill, da safe injiniya ya zauna da tarin rahoto yana binciken abin da ya faru jiya. Wato gawa ake yi wa bincike. Kamfanin Candle, wanda Aubrey Chernick ya kafa a 1976, ya yi suna ne da OMEGAMON, manhajar da ke nuna abin da ke faruwa a daidai lokacin da yake faruwa, IBM kuma ya saye kamfanin a 2004. Kamfanin BMC yana da MainView, wanda daga baya ya koma BMC AMI Ops, Broadcom yana da SYSVIEW. Duk da haka sai an sami mutum a gaban allo, wanda ya shekara ashirin yana kallon lambobin nan har ya san launin fuskarsu. Irin waɗannan mutane suna ta yin ritaya, masu maye gurbinsu kuma ba su kai yawansu ba. Duniya ta ɗan leƙa wannan giɓi a watan Afrilun 2020, lokacin da gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito yana neman masu iya COBOL, tsohon harshen rubuta manhajojin menfirem, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoso. Wannan ke sa cibiyoyi suke neman mayar da abin da ke kan tsohon injiniya ya zama ƙa'idar da na'ura za ta bi da kanta.

Ɓangaren tara bayani da jera shi shi ne mai sauƙi, ba zan daɗe a kansa ba. A yau ana iya tura rubutun SMF kusan nan take zuwa manhajoji irin su Splunk ko Elastic, a zana shi a allo ɗaya da na sauran kwamfutocin kamfani. Zowe, wanda aka ƙaddamar a 2018 a ƙarƙashin gidauniyar Linux, ya ba matasan injiniyoyi hanyar yin magana da menfirem da kayan aikin da suka saba. Rahoton safe da wani ke ɓata awa biyu yana haɗawa, yanzu yana iya isa akwatin imel kafin a iso ofis. Wannan riba ce ta gaske, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wahalar farko ita ce koya wa na'ura bambanta lafiya da ciwo. Wanda ya zo daga duniyar ƙananan sabobi, wato kwamfutocin kamfani na yau da kullum, yakan fara da ƙa'idar da ya sani: idan furosesa ta wuce kashi 90 cikin 100, a buga ƙararrawa. A menfirem wannan ƙararrawar za ta yini tana kuka a banza, domin an gina z/OS ne ya cika injin maƙil. Idan aiki mai muhimmanci ya bar sarari, sai a cusa wanda ba na gaggawa ba, idan mai muhimmancin ya dawo, a janye wancan. Inji a kashi 100 yana iya kasancewa lafiya lau. Wani a kashi 40 kuma kwastomominsa suna can sun yi layi, saboda kowa na jiran wani kulle guda a rumbun bayanai, wato shingen da aiki ke sa wa bayanin da yake sauyawa don kada wani ya taɓa shi, mai jira kuwa ba ya cin furosesa.

Matsakaicin lissafi ma yana da nasa ha'incin. A ce mu'amala 10,000 sun wuce cikin wani ɗan lokaci, 9,900 kowacce ta gama cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ragowar 100 kuma kowacce ta ci daƙiƙa 10. Matsakaicin zai fito ƙasa da daƙiƙa 0.2, allo ya nuna kore shar, alhali mutum ɗari sun tsaya suna tsaki. Idan kuma waɗannan ɗarin duk masu tura albashin ma'aikata ne, to an shiga uku ba a sani ba. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a rubuta buri da kaso, misali kashi 90 na mu'amaloli su gama cikin rabin daƙiƙa, a kuma raba su gida-gida maimakon a zuba su a tukunya ɗaya.

A nan ya kamata a yaba wa WLM, sashen z/OS mai raba ƙarfin inji tsakanin ayyuka, don shi ne tsohon hannu a wannan harka. Tun 1994 ya zo da tsarin da cibiya za ta faɗa masa burinta kawai: wannan rukunin aiki muhimmancinsa na ɗaya ne, wancan na biyar, ga lokacin amsar da ake so wa kowanne. Duk daƙiƙa 10 sai ya duba wa ke cim ma burinsa, wa ya gaza. Yana fitar da wata lamba da idan ta tsaya a 1 an yi daidai, idan ta haura 1 an gaza. Sai ya zaɓi wanda zai taimaka wa da wanda zai rage wa, ya sauya musu fifiko, babu hannun kowa. Amma WLM yana rabon abin da ke hannunsa ne kawai, furosesa da memori da makamantansu. Idan abin da ya tsayar da mu'amala kulle ne a cikin Db2, ko duk ƙarfin injin aka ba ta ba za ta motsa ba.

Bari mu bi irin wannan ciwo daki-daki, don a nan ake gane abin da ake nufi. Misali ne na ƙirƙira, amma duk wanda ya yi aikin zai gane shi.

A ɗauka safiyar ƙarshen wata ce. Wani aikin dare da ke sabunta asusu ya makara, ya kutso cikin lokacin buɗe rassa. Wanda ya rubuta shi shekarun baya bai sa shi ya riƙa rufe lissafi, wato tabbatar da canjin da ya riga ya yi, yana sakin kulle a kai a kai ba, sai ya gama da dubban asusu tukuna. Da daddare babu wanda wannan ya dama. Yanzu kuwa mu'amalolin CICS sun fara isowa suna tarar da ƙofa a kulle. Ga lissafin da ke kashe mutane: idan mu'amala 500 ke shigowa a kowace daƙiƙa, kowacce na ɗaukar daƙiƙa 0.2, to a kowane lokaci kusan 100 ne ke cikin gida. Idan lokacin ya koma daƙiƙa 2, sun zama 1,000, ba tare da an sami ƙarin kwastoma ko ɗaya ba. CICS tana da iyakar yawan ayyukan da za ta ɗauka lokaci guda, ana kiranta MXT. Da an kai ta, sababbin zuwa sai su tsaya a waje, har da waɗanda ba ruwansu da asusun da aka kulle, kamar mai son duba ragowar kuɗinsa a wani reshe can. Can cikin Db2 kuma, duk wadda ta jira har wa'adinta ya cika, wanda a wurare da yawa daƙiƙa 30 ne, sai a sallame ta da lambar kuskure -911, a warware abin da ta fara.

Me allon mai sa ido zai nuna? Ƙararrawar lokacin amsa, ƙararrawar MXT, ƙararrawar layi ya yi tsawo, ƙararrawar kurakurai sun yi yawa, daga kowane sashen CICS, sau ɗari-ɗari. Ciwo ɗaya, kuka dubu. Kuma wadda ta fi ƙara a cikinsu ita ce ta MXT, saboda haka ƙa'idar da mai gaggawa zai rubuta ita ce: idan an kai MXT, a ɗaga ta. Sai a buɗe ƙofa, ƙarin ɗaruruwan mu'amaloli su shigo, su ma su tsaya a bakin kullen nan, kowacce riƙe da rabonta na memori. Ba a jima ba CICS ta fitar da saƙon DFHSM0133, wato wurin ajiya ya ƙare mata. Garin neman gira an rasa ido. Da sashen yana tafiya da ɗingishi, yanzu ya zauna.

Tsohon injiniya ba zai kalli MXT ba sai don ya san wuta ta kama. Zai duba me ayyukan ke jira, ya ga duk Db2 suke jira, ya leƙa saƙonnin Db2 ya nemi DSNT376I. Wannan saƙo yana da kirki, don ba wanda aka sallama kawai yake ambata ba, har da ɗaya daga cikin masu riƙe da abin da ake jira. Sunan aikin daren nan zai fito ɓaro-ɓaro. Idan cirko-cirko aka yi, wato wannan na riƙe da abin da wancan ke so, wancan ma na riƙe da na wannan, saƙon DSNT375I ne zai fito, kuma Db2 da kansa yake raba gardamar ta hanyar sadaukar da ɗaya. Wannan bin sawu, daga alama zuwa jira, daga jira zuwa kulle, daga kulle zuwa mai riƙe da shi, shi ne ainihin abin da ya cancanci a koya wa na'ura. Ana kuma iya koya mata. Manhajoji irin su NetView, System Automation da OPS/MVS suna zaune ne a kan hanyar saƙonni, suna kama wanda aka ce su kama, su tayar da ɗan shirin da aka rubuta da REXX, harshen da Mike Cowlishaw ya fara ƙirƙira a 1979. Shirin ya tattara sunan mai kullen, tun yaushe yake riƙe da shi, mutum nawa ke bayansa, ya haɗe ƙararrawa ɗari ta zama saƙo ɗaya mai ma'ana, ya aika wa wanda ke bakin aiki. Abin da zai ci wa mutum minti ashirin cikin ruɗani da kiran waya, na'ura ta gama shi kafin ya ajiye kofin shayinsa.

Mafi kyau ma a kama shi tun bai yi ɓarna ba. Db2 yana iya yin gargaɗi, da saƙo irin DSNR035I, cewa ga wani aiki can ya daɗe bai rufe lissafi ba. Manhajar tsara ayyukan dare kuma ta san aikin ya makara tun ƙarfe biyar na asuba. Haɗa waɗannan biyun kaɗai ya isa a tashi wani daga barci awa uku kafin rassa su buɗe.

To, tunda na'ura ta gano mai laifi, me zai hana ta kashe shi da kanta? A nan ne nake ganin ya kamata a taka birki. Idan aka soke aikin da ya yi awa guda yana sauya bayanai bai rufe lissafi ba, dole Db2 ya bi sawunsa ya warware duk abin da ya yi, kuma yana riƙe da kullen har sai ya gama warwarewar. Wannan na iya ɗaukar lokaci mai tsawo, wani zubin ya kai wanda aikin ya riga ya ci. Idan saura minti uku aikin ya gama da kansa, soke shi ya mayar da jiran minti uku ya zama na awa. Ban da haka, wataƙila aikin nan shi ne na albashi, wanda idan bai kammala yau ba gobe za a kwana ana ba da haƙuri. Na'ura ba ta san wannan ba sai an gaya mata, kuma ba kowane abu ne ake tunawa a gaya mata ba. Haka abin yake a cikin CICS: korar aiki tana da matakai, daga mai taushi zuwa na ƙarfi, kuma na ƙarfin yana iya barin bayanai a hargitse ko ya kayar da sashen baki ɗaya.

Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Duk matakin da za a iya janyewa ba tare da asara ba, a bar wa na'ura. Ta tara hujjoji tun suna da ɗumi, ta ɗauki hoton memori kafin abin ya wuce, ta taƙaita yawan irin mu'amalar da ke cunkushewa don sauran su sami hanya, wanda CICS ke ba da dama a yi ta hanyar sa wa kowane rukuni iyakarsa, ta karkatar da sababbin buƙatu zuwa sashen da ke da lafiya. Matakin da ba ya janyuwa kuwa, ta shirya shi tsaf, ta kawo wa mutum da dalilansa, shi ya danna. Idan an yi wata shida mutum na danna abu ɗaya a yanayi ɗaya ba a taɓa yin nadama ba, sai a duba yiwuwar sakar mata shi.

Akwai ayyukan gyara na yau da kullum da su kam babu dalilin da zai sa mutum ya ci gaba da yin su da hannu. Db2 yana zaɓar hanyar da zai bi ya nemo bayani ne bisa ƙididdigar da yake da ita game da girman kowane teburi. Idan ƙididdigar ta tsufa, yana iya barin fihirisa ya kama karanta teburi tun daga farko har ƙarshe, tambayar da ke cin ƙiftawar ido ta koma cin mintoci. Da, sai a ce duk daren Lahadi a sabunta ƙididdigar komai, a sake jera komai, da mai buƙata da marar buƙata. Yanzu Db2 yana riƙe da lissafin canje-canjen da aka yi wa kowane teburi, akwai kuma shirin DSNACCOX da ke duba lissafin ya ce wannan na son RUNSTATS, wato sabunta ƙididdiga, wancan na son REORG, wato sake jerawa, wancan a ƙyale shi. Ko a nan ɗin ma, sabuwar ƙididdiga takan sa Db2 ya sauya hanya zuwa wadda ta fi muni, don haka masu hankali suna sa na'urar ta kwatanta tsadar manyan tambayoyi kafin gyara da bayansa.

Batun ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayatawa ba baƙo ba ne a wannan gida. Tun 2012 IBM ya fitar da zAware, wanda ke nazarin saƙonnin da inji ya saba fitarwa, ya ɗaga hannu idan ya ga baƙon saƙo ko wanda ya yi yawa fiye da al'ada. Amfanin irin wannan a bayyane yake: maimakon iyaka ɗaya ta dindindin, ana auna safiyar Litinin da sauran safiyoyin Litinin, ƙarshen wata da sauran ƙarshen watanni. Rauninsa ma a bayyane yake. Abin da ya saba gani shi yake ɗauka lafiya, ko da ciwo ne da aka daɗe ana fama da shi. Ranar da aka ƙaddamar da sabuwar manhajar waya kuma cunkoso ya ninka, zai yi ta ihu alhali kasuwa ce ta buɗe.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa wa sababbin shiga ba. Sa ido ba kyauta ba ne, shi ma aiki ne da ke cin furosesa. Shekaru da dama kuɗin lasisin manyan manhajojin menfirem ana lissafa shi ne bisa ƙololuwar matsakaicin amfanin awa huɗu a cikin wata. IBM ya kawo wani sabon tsarin farashi a 2019, amma a kowanne dai yawan amfani kuɗi ne. Wanda ya kunna bin diddigi mai zurfi a Db2 don ya kama wata matsala, ya manta bai kashe ba, zai ga sakamakon a takardar biya. Wannan ma wuri ne da na'ura ta fi mutum: ta kunna zurfin bincike da zarar alama ta bayyana, ta kashe bayan minti goma. Ta kuma riƙa hango inda matsakaicin awa huɗun ya dosa, ta jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba kafin a buga rufin da cibiya ta sa wa kanta.

Kada kuma a manta cewa ita kanta manhajar da aka ba amana tana iya zama tushen bala'in. A watan Yunin 2012, wani sabuntawa da aka yi wa manhajar tsara ayyukan dare a rukunin bankin RBS na Birtaniya ya lalace, ayyuka suka taru ba a sarrafa su ba. Kwastomomin RBS da NatWest da Ulster Bank, sama da miliyan 6, suka shiga halin rashin ganin daidai kuɗinsu ko kasa biya, na Ulster Bank har tsawon makonni. A 2014 hukumomin sa ido na ƙasar suka ci tarar rukunin fam miliyan 56. Tun daga irin wannan ne ake nanata cewa ƙa'idojin sarrafa kai su ma manhaja ce: a gwada su a injin gwaji, a ajiye tarihin wanda ya sauya me, a kuma tanadi makunni ɗaya da zai dakatar da su duka idan suka fara ɓarna.

Ƙa'idoji kuma suna tsufa shiru. Iyakar da aka sa lokacin da rassa ke rufewa ƙarfe huɗu tana nan daram a wasu cibiyoyin, alhali yanzu kwastoma na tura kuɗi daga waya ƙarfe biyun dare, daidai lokacin da aikin daren can ke riƙe da kullensa. Hanyar gane irin waɗannan ita ce a ɗauko jerin ƙararrawar wata uku, a duba kowacce da tambaya ɗaya: da ta buga, wani ya yi wani abu? Wadda ta buga sau dubu ba wanda ya motsa, ko a gyara iyakarta ko a cire ta, don ita ke koya wa ma'aikata kawar da kai. Shi kuwa aikin daren da ya tayar da hankalin kowa, maganinsa na can wajen masu rubuta manhaja: a buɗe tsohon shirin COBOL ɗin, a sa shi ya riƙa rufe lissafi bayan kowane 'yan ɗaruruwan asusu, a kuma koya masa ci gaba daga inda ya tsaya idan aka katse shi.